Wanzamin da Ya Kai Ni Gidan Likitan Haƙori

Kawu ya rasu ranar wata Laraba bayan la'asar, cikin sanyin Fabrairu, bayan jinyar da ba ta cika mako ba. Daga Allah muka zo, kuma can za mu tarar da shi. Kafin magariba labari ya gama zaga Greensboro. Motoci suka cika harabar gidajen hayar da yake zaune a bayan titin Wendover, har maƙwabta suka riƙa ɗaga labule suna leƙe.

Mama, wadda ita ce ƙanwarsa, ba ta yi kuka ba a ranar. Zama ta yi a bakin gado tana ninke hulunansa, in ta gama ta warware ta sake. Anti, matarsa, magana ɗaya ta riƙe, duk wanda ya shigo sai ta ce, "Shekaranjiya fa shi ya ce a gyara mishi zaman matashin kai." Abokan aikinsa na sito suka zo da rigunan aiki a jikinsu, suka jeru a bango kamar masu jiran a ba su umarni. Sai wata mata mai tsohon ciki, wadda aka shigo da ita ana riƙe da hannunta, ta dafa cikinta ta fashe da kuka tana cewa, "To yanzu wa zai yi wa wannan aski?" Wallahi sai da ɗaki ya yi dariya cikin hawaye. Amma gaskiya ta faɗa. A cikin 'ya'yan mutanenmu da aka haifa a garin nan tun zuwansa, ban san wanda askar Kawu ba ta bi ta kansa ranar suna ba.

Ranar sadakar uku wani baƙo ya zo da ya sa aka yi tsit. Bature ne tsoho, dogo, mai farin gashi. Ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa ba tare da kowa ya ce masa ba, ya shigo falo cikin maza riƙe da leda cike da goro. Aka fara raɗa. Wani ya ce mai gidan haya ne, wani ya ce daga asibiti aka aiko shi. Mama ta leƙo, ta juyo ta dube ni ta ce, "Naki ne. Tashi ki je."

Nawa ne kuwa. Kuma don in faɗi yadda aka yi ya zama nawa na zauna rubuta wannan, da Hausar da Kawu ya sha yi mini tsiya a kanta, yana cewa ta sha ruwan sanyi ta sandare.

Kawu wanzami ne, ɗan wanzami, jikan wanzami, daga wajen Tasawa. Ya zo Amurka da furfurarsa, ya sami aikin ɗaga kwalaye a sito, kuma ban taɓa jin ya yi ƙorafi a kai ba. Amma zabirarsa tana rataye a bayan ƙofar ɗaki, da askarsa da ƙaho da wani ɗan awartaki da ya gada wajen mahaifinsa. Ƙaho da awartaki sun yi ritaya tun ranar da ya sauka daga jirgi, don yakan ce ƙasar nan tana da doka kuma shi baƙo ne. Aska ce kaɗai ta ci gaba da aiki. Ranar Asabar ko Lahadi zai sa babbar riga ya shiga tsohuwar motarsa, ya hau titi yana tafiya a hankali kamar mai rakiyar amarya, ana ta danna masa hon yana ɗaga musu hannu, a zatonsa gaisuwa ce.

Shi ba ya kallon fuskar mutum. Hannu yake kallo. In aka kawo masa saurayin da ke neman 'yar wani, sai ya ce a ba shi shayi ya zuba, ya zauna yana kallon yatsunsa. Daga baya sai ka ji ya ce, "Wannan hannunshi na gaba da hankalinshi." Shi ke nan, an gama da saurayi. Abu na biyu da yake taƙama da shi haƙoransa ne. Talatin da biyu cif, farare, ba wanda ya taɓa motsi. Asuwaki ba ya barin aljihunsa. Yana yawo da goro don ba mutane, amma shi ko ɓarinsa bai taɓa kaiwa baki ba. Kuma yakan faɗa da girman kai cewa ya cire haƙoran da ba su ƙirguwa a kasuwannin ƙauye, amma ƙarfen wani bai taɓa shiga bakinsa ba.

Ni kuwa da na gama sakandare ban tafi babbar jami'a ba. Kwalejin gari na shiga, mai shekara biyu, ina karatu da safe, da yamma ina tsaye a kanti ina karɓar kayan da aka maido. A wajen biki mata su tambaye ni inda nake karatu, in na faɗa sai su ce "To, Allah ya taimaka," da irin muryar da ake gaida marar lafiya. Abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba. Kawu ne kaɗai bai ga abin kunya ba. Yana kiranta ƙaramar lakwal, wato ƙaramar makaranta, ya ce shi ma shekara uku ya yi yana wasa aska kafin a bar shi ya taɓa kan mutum.

Bayan shekara biyu na koma jami'a, na ce likitan haƙori nake son zama. Malamar da ke ba ɗalibai shawara ba ta yi mini rufa-rufa ba. Ta ce wanda ya faro daga kwalejin gari sai ya ƙara ƙoƙari, don wasu makarantun kan yi wa darussan kimiyyar da aka yi a can kallon hadarin kaji. Ta ce in ƙara ɗaukar darussa masu wuya a jami'a, in ci jarrabawar shiga da kyau. Waɗannan na san hanyarsu, karatu ne. Amma ta ce akwai abin da karatu ba zai ba ni ba. Dole in sami likitan haƙori da zai bar ni in tsaya a bayansa ina kallon aiki na tsawon watanni, sannan ya rubuta takardar shaida a kaina. In babu wannan takarda kafin a buɗe karɓar takardu da bazara, to in haƙura sai wata shekara.

'Yan ajinmu, wannan babanta likita ne, wancan maƙwabcinsu. Ni kuwa littafin lambobin waya na ɗauka na bi layi. Kowace sakatariya da muryarta mai daɗi, kowace kuma amsa ɗaya: za mu kira ki. Har itatuwa suka fara fure ba wanda ya kira.

Wata Lahadi Kawu ya zo gidanmu cin tuwo, ya tarar da ni da waya a hannu da idanu jajaye. Mama ta ba shi labari. Ya ajiye lomarsa ya ce, "Ke ɗiyata, da talho kike neman maigida? Wa ya taɓa ba muryar da bai ga hannunta ba sana'a?"

Na ce, "Kawu, haka ake yi a nan."

Ya ce, "Shi ya sa ba a kira ki ba."

Ban san ya ɗauki abin da zafi ba sai ranar Juma'a, da Baba ya dawo daga masallaci yana dariya har da riƙe ciki. Wai bayan sallah Kawu ya tsaya a bakin ƙofa, duk wanda ya san an taɓa yi masa aikin haƙori sai ya ce masa, "Alhaji, buɗe in gani." Manyan mutane da rawunansu suka yi ta hangame baki a wajen ajiye motoci, yana juya musu haɓa zuwa hasken rana. Ya raina aikin likitoci biyar. A bakin wani direba ɗan Gana ya ga cikon haƙorin da ya gamsar da shi, ya tambayi wanda ya yi, aka ce wani tsohon likita ne a Pleasant Garden. Kawu ya ce an samu maigida.

Da ya sake zuwa cin tuwo ranar Lahadi muka yi faɗan da har gobe yake mini ciwo. Ya ce ranar Litinin zai zo ya ɗauke ni, a je da goro, babba ya kai yaro ya damƙa shi hannu da hannu, yadda ake yi. Ni kuwa na hango kaina tsaye a gaban Turawa da goro, abin da ke rina haƙori ja, a gidan likitan haƙori. Kunya ta rufe ni, bakina ya riga hankalina. Na ce, "Kawu, nan ba Tasawa ba ce. Kuma wannan ba wanzanci ba ne, ilimi ne."

Mama ta ce, "Ke!" Kawu ya tsame hannu daga tuwo. Ya dubi hannuwansa, ya juya su, ya wanke, ya yi wa Mama sallama. Na ɗauka magana ta mutu. Ranar Litinin da hantsi sai ga hon a ƙofar gida, Kawu na zaune a mota cikin babbar rigarsa ta Idi, goro a naɗe cikin ɗanyen ganye a kujerar baya.

Gidan likitan ƙaramin gini ne na jan bulo a bakin hanya, da filin ciyawa a gabansa. Sakatariya ta tambaya ko muna da alkawari. Kawu ya ce in gaya mata gaisuwa muka zo, kuma ba ma sauri. Muka zauna har aka tashi cin abincin rana. Da Likita ya fito, Kawu ya miƙe ya yi jawabi mai tsawo. Ya faɗi sunan mahaifinsa da na kakansa da sana'arsu. Ya ce ya ga aikin Likita a bakin wani ya san hannu ne mai tsoron Allah. Ya ce ga ɗiyarsa ya kawo amana, in ta yi daidai a ƙara mata, in ta karkace a miƙe ta.

Ni ce tafinta. Na dubi Likita na ce masa da Turanci, "Kawuna ne. Yana tambaya ko kuna ɗaukar ɗalibai." Iyakar abin da na faɗa ke nan. Likita ya yi murmushi ya ce ya daina, shekaru sun ja, ya kusa ajiye aiki. Ya karɓi goro yana jujjuya shi, bai san ko ci ake yi ko shukawa ba.

Muka shiga mota muka kama hanyar gida. Sai wajen wata danja Kawu ya ce, "Na yi magana mai tsawo, taki ta hito gajera." Shekara goma yana aiki da Turawa a sito. Yana jin Turanci fiye da yadda yake nunawa, ni ce na manta.

Bayan kwana biyu ya kira ni ya ce ya sa Anti ta karɓar masa randebu, wato lokacin ganin Likita, a duba masa haƙori, kuma yana bukatar tafinta. Na ce, "Kawu, ciwo yake yi?" Ya ce, "Ke dai zo."

Ban taɓa ganin tsoro a fuskar Kawu ba sai ranar. Mutumin da ke riƙe kan jariri ɗan kwana bakwai da aska a hannu ko gezau, ga shi kwance a kujera, ya ƙanƙame hannayenta, zufa na tsattsafo masa a goshi, leɓɓansa na motsi da addu'a. Da aka kunna fitila aka kawo ɗan madubi, sai ya runtse ido. Likita ya duba sama ya duba ƙasa, ya ɗauki hoto, ya ce in gaya masa ya daɗe bai ga bakin mai shekarunsa da ya kai wannan lafiya ba, babu abin yi.

Kawu ya buɗe ido ya ce, "Ce mishi ya cire ɗaya. Na can baya, ba ni aiki da shi sosai."

Na ce, "Kawu, lafiyarsa ƙalau fa."

Ya ce, "Na sani, ba nawa ba ne? In ya cire, kin ga aiki ɗaya. In ya warke mu dawo ya cire wani. Kina tsaye kina gani, ba mai korar tafinta." Sannan ya kama wuyan hannuna ya ce, "Kuma wannan karon ki hwaɗa mishi yadda na hwaɗa."

Na faɗa. Hawaye na zuba, na faɗa duka, har da jawabin ranar Litinin da na haɗiye. Na ce kawuna wanzami ne, ya gaji aski da cire haƙori daga kakanninsa, kuma ni ce na ji kunyar faɗa. Likita ya ajiye madubi, ya jawo kujera ya zauna. Ya ce ba zai taɓa lafiyayyen haƙori ba ko za a ba shi garin nan. Sai kuma ya tambaya, da me yake cirewa, kuma yaya yake yi da turmin haƙori mai saiwa uku? Kawu ya tashi zaune, tsoro ya tafi. Ya kama iska da yatsu ya nuna yadda ake lallaɓa haƙori gefe da gefe kafin a ja. Likita ya ɗaga nasa hannun ya yi irin wannan juyin. Suka dubi juna suka yi dariya. Daga nan tsofaffin nan biyu suka manta da ni, suka yi ta hira da hannu. Da za mu tafi Likita ya ce in zo ranar Litinin, shi kuma Kawu ya taho da jakar nan ya gani.

Kada a ɗauka daga nan na huta. Kowane farkon wata Kawu zai ɗauki goro ya tafi Pleasant Garden, ya zauna ya jira a tashi cin abinci, ya yi tambaya ɗaya: "Yaya hannunta?" Bai taɓa tambayar makin jarrabawata ba. A wata na farko Likita ya ce ina da kai, amma ina da gaggawa. Ai kuwa na shiga uku. Kawu ya sayo sabulun wanki ya ba ni tsohuwar aska, ya ce in sassaƙa turmin haƙori da saiwoyinsa. In na kawo sai ya duba ya miƙa wa Anti ya ce ta yi wanki da shi. Da ya ji cewa likitoci ta cikin madubi suke ganin haƙoran sama, sai ya zaunar da ni a bayansa, ya riƙe madubi, ya ce in gyara masa gemu ba tare da na kalli fuskarsa ba. Na yanke shi sau biyu. Ya shafa jinin ya ce, "Ba komi, ni na koya ma wanda ya hi ki ɓarna."

Likita ya rubuta takardar a kan lokaci. Da kaka ta yi wata makarantar likitancin haƙori ta kira ni ganawa. Ɗaya daga cikin malaman ya duba takarduna ya tambaye ni dalilin da ya sa na faro daga kwalejin gari, da abin da nake yi da hannuna ban da rubutu. A da, da na sunkuyar da kai na fara ba da uzuri. Ranar kuwa na ba shi labarin kantin da na yi aiki da sabulu da gemun Kawu, kai tsaye, ban rage komai ba. A watan Disamba ambulan ɗin wasiƙarsu ya iso, an ɗauke ni. Na ruga gidan Kawu da shi. Bai karɓa ba, don ya ce takarda ta masu takarda ce. Hannuna ya kama ya juya, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Alhamdu lillahi. Anti, a ɗora shayi." Na yi farin ciki da Allah ya nuna masa wannan rana. Watanni biyu kacal ya ƙara a duniya.

Zabirarsa an aika da ita Tasawa wajen babban ɗansa, yadda aka saba, kuma ban ji komai ba. Abin da ya ba ni ba a rataye shi a bayan ƙofa.

To, ranar sadakar uku na fito na durƙusa a bakin falo, Mama na tsaye a bayana. Likita ya ajiye ledar goro a kan darduma. Ya ce sai da ya zaga shaguna uku na mutanen Afirka kafin ya samu. Ya ce in fassara wa jama'a. Wai tun ranar da ya karɓe ni, Kawu ya ɗaure shi da alkawari: ranar da ya gama da ni kada ya sallame ni a bakin ƙofa, ya kawo ni gida da kansa, da goro, ya damƙa ni ga wanda ya kawo ni. Sun shirya za a yi da bazara, kafin in tafi makaranta. Ya ce yanzu ga amana ya dawo da ita, amma bai san hannun da zai saka ta ba.

Na fassara, kalma bayan kalma, ban gajarta ko ɗaya ba. Dattawa suka yi ta gyaɗa kai, wani ya ce, "Wannan Bature ya san mutunci." Mama ta gyara lulluɓinta ta ce, "Ce masa ni ce ƙanwarsa, na karɓa." Sai ta ce, da muryar da ta fara karyewa, "Kuma ki tambaye shi, yaya hannunta?"

Na tambaya. Likita ya dube ni ya ba da amsa. Ɗaki duka yana jirana. Da ƙyar na ce, "Ya ce ya nutsu, Mama."

A nan Mama ta yi kukan da ta riƙe kwana uku. Aka raba goron, har Likita ya ɓantari kaɗan ya tauna yana yamutsa fuska.

Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka kabarinsa, ya sa hannun da ya tausaya wa kawunan 'ya'yanmu ya karɓi littafinsa ta dama. Ya yafe masa, ni ma ya yafe mini maganar da na faɗa masa a kan tuwo. An binne shi da haƙoransa talatin da biyu, ba wanda ya ɓace.